Shekarar da Na Sauya wa Inna Masai

Zainabu, ke kika sa na ɗauki biro a kan maganar nan. Ran sunan ɗan ƙaninki, ina zaune a zaure na jiyo ki ta kan katanga kina gaya wa matarsa wai Ummanku ce ta kori kakarku daga gidan nan, har ta je ta rasu a Nijar. Ba ki san ina ji ba. Na miƙe zan shigo, sai na tuna taron mata ne, kuma maganar ta masai ce, ba ta dace da bakin dattijo a gaban surukai ba. To ga ta a takarda, ku karanta ku duka, har da waɗanda ba su faɗa da baki ba amma suna riƙe da ita a ciki. Ummanku Hajara ba ta kori kowa ba. In akwai wanda ya fitar da Inna daga gidan nan, ni ne, da hannuna, kuma ina murna na yi shi.

Shekarar da aka rufe iyaka ce. Kun san sana'ata, gyaran manyan motoci, irin waɗanda mutanen Maradi ke ce wa kamyo. Da aka rufe hanya sai gareji ya mutu murus. In fita da safe, in share bakin rumfa, in jera sifanu, in zauna ina kallon titi har azahar. Mutumin da ya saba kwana da baƙin mai a farce, in ka zaunar da shi haka, sai ya fara neman abin da zai kwance a cikin gidansa. Na gyara keken ɗinkin Ummanku da lafiyarsa lau. Na sauke ƙyauren zaure na mayar. A cikin wannan zaman banzan ne maganar gwiwar Inna ta same ni.

Sai na tuna maku yadda muke da ita, don in ba ku riƙe wannan ba, sauran labarin zai zame maku kamar na mahaukata. Ni ne ɗanta na fari. Tun da ta haife ni a ƙauyensu na gefen Maradi har ta koma ga Allah, ban taɓa jin ta ce Lawali ba. Gemuna ya yi fari fat, amma a bakinta ni "wanga yaro" ne. Shekara goma sha ɗaya ta yi a gidan nan bayan rasuwar mahaifina, kullum da safe ina durƙusawa a ƙofar ɗakinta, ita kuma tana amsa gaisuwar tana kallon bango. In tana son abu a wurina, Hajara take gaya wa, ko da kuwa ina tsaye a gabansu. Ku 'yan yanzu kuna ganin abin dariya ne. Mu a wurinmu kunya ce, kuma ban taɓa jin ta rage mani komai ba sai a waccan shekarar.

Masanta yana bayan ɗakinta, irin namu na da: rami, an yi wa bakinsa daɓe, da wani turke a jikin bango da take kamawa in za ta tashi. Ɗaya masan na gidan sai an bi ta ƙofar ɗakina, don haka ko da wasa ba ta taɓa taka shi ba. Wata rana da hantsi ta shiga ta tsugunna, gwiwa ta ƙi miƙewa. Tana nan riƙe da turke har Hajara ta ji shirun ya yi yawa, ta leƙa, ta ciccibo ta. Da Hajara ta gaya mani, abinci ya fita raina. Na tuna wani masai na zama da na gani a asibiti a Katsina, na tangaran, fari, mutum ya zauna kamar a kujera. Nan take na ce shi zan yi mata.

Hajara ta ce, "To Malam, a kira mai aikin famfo mana."

Na ce, "Ni da nake sauke injin kamyo in mayar da shi ya tashi, tukunyar tangaran ce za ta gagare ni? Kuma wane ƙato zan shigo da shi bayan ɗakin Inna?"

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a."

Aka yi dace ana bikin jikar ƙaninta a Riko, aka zo aka tafi da ita kwana tara. Na ce madalla, kafin ta dawo na gama. Na je Katsina na sayo masan da tankinsa da bututu, na naɗe shi cikin tsohuwar katifa kamar jariri. Na sa aka nemo mani hoton aikin a waya, wani Bature yana yi yana bayani, na kalla ya fi sau ashirin. Ban ji rabin abin da yake faɗa ba, amma hannu ba ya ɓoye wa mai sana'a komai. Tsohon ramin ya kusa cika, bakinsa ma ya fara zaizayewa, sai na cike shi da ɓaraguzai na shafe da siminti. Na haƙa sabo a bayan bangon yamma, don nan ne kaɗai ke da fili. Na huda bangon, na zura bututu miƙe sak daga gindin masan zuwa rami, ba lanƙwasa ko ɗaya, saboda duk makanike ya san inda tiyo ya lanƙwashe nan datti ke taruwa. Na jingina tanki da bangon, na auna, na sake aunawa, na ɗaure noti. Da na zuba bokiti biyu na danna, ruwa ya yi gurnani ya wuce, wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai. A majalisar ƙofar masallaci kuwa ba wanda bai ji labari ba. Har na riƙa cewa duk mai tsohuwa a gida ya zo in koya mashi.

Ran da ta dawo, Hajara ta kama hannunta ta kai ta. Ni ina can gefe, ina yi kamar ina wanke cebur. Inna ta tsaya a bakin ƙofa da sandarta, ta daɗe tana kallon abin. Sai ta ɗaga kai ta dubi sama, ta dubi katanga, ta sake duban masan.

Ta ce wa Hajara, "Ina tsohon?"

Hajara ta ce, "An rufe shi, Inna."

Inna ta juya da sandarta. Can ta ce, "Ki ce ma wanga yaro ya sha aiki."

Na ɗauka yabo ne. Ranar bakina har kunne.

Ba a yi mako ba na fara ganin kwanonta yana dawowa da abinci. Kokon safe rabi, tuwon dare loma uku. Inna da ke shanye kwaryar fura ta nemi ƙari, sai ga shi ko ruwa sai ta jiƙa leɓe ta ture moɗa. Na ce ko zazzaɓi ne, aka auna, ba komai. Na ce ko haƙori ne, aka ce haƙoran da suka rage lafiyarsu ƙalau. Sai Hajara ta ce mani, a takaice, tana rage ci ne don kada ta riƙa yawan zagayawa. Nan kaina ya fara ɗaurewa. Na yi abu don ta zagaya cikin sauƙi, shi ne kuma ya hana ta cin abinci?

Na shiga lissafi irin namu na gareji, in mota ta ƙi tashi ka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Na ce tsawo ya yi mata yawa, Inna gajeruwa ce, ƙafarta ba ta kai ƙasa. Na gina mata ɗan dandamali a gaba. Kwano ya ci gaba da dawowa. Na ce to abin kamawa ta rasa, ta saba da turkenta. Na yanko ƙarfen tsanin wata matacciyar mota, na yi walda, na kafa mata a gaba daidai hannu. Shiru. Na ce ƙarar ruwan ce ke firgita ta, na ɗaure tankin na ce a riƙa zubawa da bokiti. Wata rana na ji tana gaya wa bango cewa abin fari tas kamar kwanon kai wa baƙo abinci, wallahi sai da na tsaya a shagon mai fenti ina tambayar ko akwai wanda ke kama tangaran. Ga kuma wani abin da ya fi ɗaure mani kai: murfin da ake zama a kai ya riƙa karyewa, kullum ta gefe guda. Tsohuwar da iska mai ƙarfi za ta iya kayarwa, ta yaya take karya murfi? Na sauya, ya karye. Na sake sauyawa, ya karye a wuri guda. Na hau mota takanas har Katsina na zazzaga wa mai shagon rashin mutunci, na ce kayan banza yake sayar wa mutane. Bawan Allah yana ta ba ni haƙuri a kan laifin da ba nasa ba.

Ana cikin haka, wata rana bayan la'asar ina ɗaura murfi na uku, Hajara ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen zanenta.

Ta ce, "Malam, wai ka taɓa shiga ka zauna a kai?"

Na ce, "In zauna ina?"

"A kan masan. Ka zauna kawai, ka ga yadda yake."

Na ce, "Ke Hajara, kanki ɗaya? Ni in zauna inda Inna ke zama? Na auna shi da tef, na gwada shi da ruwa, me ya rage?"

Ta ce, "Da dai ka zauna."

Na ce ta ba ni wuri ina aiki. Sau uku ta yi mani wannan maganar a ranaku daban-daban, sau uku ina korar ta. Ku rubuta wannan a inda ba zai goge ba.

Sai ranar faɗuwa. Na dawo daga gareji da azahar na tarar an kwantar da Inna, ƙugunta ya kumbura, goshinta ya fashe. Aka ce a masai ta faɗi, an same ta a matse tsakaninsa da bangon gefe. Na je na tsaya ina kallon wurin kamar wanda aka buga wa guduma a ka. Ga dandamali, ga ƙarfen kamawa a gaba, ko yaro ba zai faɗi ba. Ta ina mutum zai bi ya faɗa gefe? Na rasa amsa, kuma na gaji da rasawa. Tsoro ya cika ni, don na ga wuyan hannunta ya koma kamar sillen kara. Sai na fito tsakar gida na juye duka a kan wadda ta fi kusa.

Na ce, "Hajara, me kike yi mata in na fita? Tun da ta dawo daga Riko ba ta ci ba ta sha, kullum ina ganin ku kuna ƙus-ƙus tana share hawaye. Me kika yi wa uwata?"

Ke Zainabu kina nan ranar, kin zo wankan jego, kina zaune bakin rijiya da jaririnki. Abin da kika ji ke nan, kuma shi kika riƙe shekara da shekaru. Ban ga laifinki ba, daga bakin ubanki kika ji. Ummanku ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Daga cikin ɗaki sai muka ji muryar Inna.

"Hajara, ki kira mani Rabi a waya."

Rabi ƙanwata, wadda ke aure a ƙauyenmu na can. Bayan kwana biyar mijinta ya iso a kan babur, ta hanyar daji, tunda ta titi ba a wucewa. Na roƙi Inna. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ce ta dubi jikinta, tafiyar babur cikin yashi ba ta mai ciwon ƙugu ba ce. Na ce in wani ya ɓata mata ta faɗa, ko wane ne zan yi maganinsa. Na ce in masan ne ba ta so, ta gaya mani abin da ke damunta da shi, ko me ne ne. Ta dubi bango.

Ta ce, "Hajara, ki ce mashi ba wanda ya yi mani laihi. Gida nike so in gani."

Aka ɗora ta a bayan surukinta, Hajara ta ɗaure su tare da zane kamar goyo. Na bi su a ƙafa har ƙarshen unguwa. Ba ta waiwayo ba, ko da yake yadda aka ɗaure ta ma ba ta da halin waiwaye.

Kwana shida ba na yi wa Hajara magana sai gaisuwa. A na bakwai, da sassafe bayan na dawo daga masallaci na ɗan kishingiɗa, na ɗauki sifana na ce bari in cire karyayyen murfin nan, ganinsa ma ɓata mani rai yake. Notin ya ci tsatsa, na yi ta fama a sunkuye har bayana ya riƙe. Ban san lokacin da na juya na zauna a kan masan don in huta ba. Ina zama, rana ta ɓullo ta 'yar tagar da ke saman ƙofa, ta dalle mani ido. Na sa hannu na kare. Sai hannun ya tsaya a sama. Ranar safe ce, a fuskata, sak. Na zauna ina kallon gabas, daidai inda nake kallo sau biyar kullum a sahun gaba.

Tsohon ramin ba shi da fuska, kowa ya shiga ya san yadda zai tsugunna ya kauce wa alƙibla, ba wanda ya taɓa koya wa wani da baki. Wannan kuwa inda ka girka shi nan yake kallo. Ni na bi bututu, bututu ya bi fili, Baturen cikin waya kuma ba ruwansa da gabas. Na ƙwala wa Hajara kira. Ta zo ta same ni a zaune, rana a fuskata, ta gane ba sai na yi magana ba.

Na ce, "Tun yaushe kika sani?"

Ta ce, "Tun ran da ta dawo. A karkace take zama, ta ba ƙarfen naka gefe. Shi ke karya murfin, shi ya kayar da ita."

"Kika yi shiru?"

"Ta ce in na gaya maka ba ta yafe mani ba. Ta ce duk unguwa ta ji ɗanta ya yi aiki, kada a wayi gari a majalisa ana cewa bai san gabas ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Na ce ka zauna, Malam. Iyakar abin da na samu in faɗa ke nan."

Na so in yi faɗa, na rasa da wa. Da Inna, da ta zaɓi yunwa a kan ta kunyata ni? Da Hajara, da ta riƙe amanar da aka ɗora mata har na zage ta a gaban 'ya'yanta? Na je wurin liman na gaya mashi komai, ina jiran ya ce in yi kaffara. Sai ya ce ai in wuri ginanne ne, da bango a gaba, malamai da yawa ba su ga laifi ba, an fi tsananta abin a fili. Na fito kaina ya fi ɗaurewa fiye da yadda na shiga. Ke nan ban yi zunubi ba? Ke nan tsohuwa ta yi wata biyu tana jiƙa leɓe a kan abin da aka yi sauƙi a cikinsa? Da na sani na kai mata wannan maganar, za ta karɓa? Har yau ban sani ba. Amma na san Inna ba a littafi ta koya ba, a wurin uwarta ta koya, kuma ko limamai goma za a tara mata ba za ta zauna ta kalli gabas a wurin nan ba.

Ranar na sa guduma na fasa dandamalin, na tumɓuke ƙarfen, na sassaƙe simintin gindi a hankali don kada tangaran ya tsage. Na juya shi, tanki ya koma bangon kudu, na sake kafa ƙarfen a gabansa. Dole na sa wa bututun lanƙwasar da na yi ta gudu. Kwana huɗu na gama, kuma wannan karon na zauna a kai da safe, na zauna da yamma. Sannan na kira Rabi na ce ta kara wa Inna wayar a kunne.

Na ce, "Inna, na juya shi. Arewa yake kallo yanzu."

Sai na ji ta kawar da baki daga wayar.

"Rabi, ki ce ma wanga yaro Allah ya yi mashi albarka. Ki ce mashi in an buɗe hanya ina nan tahe, ba ni iya babur kuma."

Ba a buɗe hanya ba sai bayan wata huɗu da rasuwarta. Ni na bi daji na samu jana'iza, da ƙyar.

Na nemi gafarar Ummanku a ɗaki, mu biyu, ta ce ya wuce. Kuskurena shi ne a tsakar gida na zage ta, a ɗaki na ba ta haƙuri, sai ku kuka ji na farkon ba ku ji na biyun ba. Na bar ku a haka saboda ina jin nauyin in ce ni Lawali, makanike, ɗan sahun gaba, na girka wa uwata masai yana kallon alƙibla. Ita Hajara ko sau ɗaya ba ta wanke kanta a wurinku ba, don a ganinta har yanzu alƙawarin Inna bai tashi ba. Yanzu haka tana tsakar gida tana tsintar wake, ba ta san abin da nake rubutawa ba. Zainabu, in kin gama karantawa, kin san inda za ki same ta.

Masan yana nan, bai taɓa toshewa ba duk da lanƙwasar. Bara tawa gwiwar ta fara, na koma ɗakin Inna don ya fi kusa da shi. Kullum da safe nakan kama ƙarfen nan in zauna, murfin lafiya lau, ba abin da ya sake karya shi. In na ɗaga kai, bangon arewa nake gani. Bayansa unguwa ce, bayan unguwa daji, bayan daji hanyar da aka bi da ita a ɗaure a bayan babur.